Minsharin da ba na barci ba

Matasan Zazzau, 'yan'uwana, kowa ya gwada riƙe numfashinsa. Kafin minti ɗaya ko biyu ƙirji zai takura, dole ka saki. Abin da ya tilasta maka shi ne iskar kabon dayokzaid, wadda jiki ke fitarwa in an saki numfashi, da ta taru a jininka. A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, inda take haɗuwa da laka, akwai wani sashe da likitoci ke kira medula. Shi ne mai gadi. Dare da rana yana lura da yawan wannan iska, yana aika saƙo ta wata jijiya da ta taso daga wuya zuwa tsokar da ta raba ƙirji da ciki, ita kuma ta jawo iska cikin huhu. Baligi mai lafiya yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti, ko barci yake. 

To, kodin da tiramol wannan mai gadin suke kwantarwa. Iskar nan ta yi ta taruwa, ƙwaƙwalwa ba ta farga ba, numfashi na ta raguwa, mutum bai ji komai ba balle ya nemi taimako. In aka haɗa da ƙwayar roci mai sa barci ko giya, abin ya fi muni. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma mun san bai bar unguwanninmu ba, daga Sabon Gari har Samaru.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da muke yi a majalisa in wani ya zube. Sai a ce a ƙyale shi, barci yake, ga minshari nan. Wallahi wani minsharin na shaƙewa ne. Duba leɓɓansa ko sun sauya launi, ƙwayar idonsa ko ta tsuke kamar kan allura. In an girgiza shi bai motsa ba, kada a ɗura masa madara, za ta iya bi ta huhu. A kwantar da shi a gefensa, a tari Keke Napep, a nufi asibiti mafi kusa ko na koyarwa da ke Shika. Akwai allurar naloksin da ke karya ƙarfin kodin, in an isa da wuri. Ƙwaƙwalwar da ta rasa oksijin tana fara lalacewa cikin kamar minti 4 zuwa 6.

Na san tsoron iyaye da na 'yan sanda ne ke sa a yi shiru har gari ya waye. Ku faɗa wa likita sunan abin da ya sha da lokacin da ya sha, kada ku ɓoye ko ɗaya.