Yaro mai otizim yana girma, mu daina yi kamar ba mu sani ba

Duk ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin otizim (lalurar da ke shafar yadda mutum ke magana da mu’amala da mutane), sai a cika ɗakin taro a Kaduna da shuɗayen riguna. A yi jawabi, a ɗauki hoto da yara, a raba lemo, a watse. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ban taɓa ganin an miƙa wa baligi mai otizim makirfo ba. Likita ya yi magana, uwa ta share hawaye, shi kuwa mai abin ko kujera ba a ajiye masa ba.

To, ina yaran da aka ɗauki hoto da su shekara goma da suka wuce? Otizim ba ƙyanda ba ne da zai fito ya warke. Da shi ake haihuwar mutum, da shi yake tsufa. Suna nan a Tudun Wada da Rigasa, sai dai mun sauya musu suna: miskili, mai girman kai, wanda iska ta taɓa. Wanda doguwar gaisuwa ke yi wa nauyi, a garin da gaisuwa ce takardar shaidar tarbiyya, ya faɗi jarrabawar neman aiki tun daga bakin ƙofa, ko da ya fi kowa iya kwamfuta.

Masu cewa wannan lalurar ’ya’yan masu kuɗi ce ba su cancanci dogon martani ba. Masu kuɗi ne kawai ke iya biyan kuɗin gwaji.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, wa’adin shekara biyar na gyara gine-gine kuma ya cika a 2024. Amma mu duk fahimtarmu ta tsaya a gangaren siminti na keken guragu. Shingen mai otizim daban ne: rurin janareta, cunkoson layi, hayaniya irin ta Kasuwar Sheikh Gumi, da ma’aikacin da ke daka tsawa in an ce ya maimaita bayani.

Ɗaki guda marar hayaniya da bayani a rubuce ba su kai kuɗin rigunan taro ba. Baɗi kuma a ba su makirfon, wanda magana ke yi wa wuya ya rubuto a karanta.