Kafin ka tura vokal din nan

Assalamu alaikum yan uwa. Jiya bayan isha'i wani vokal, wato sakon murya, ya shigo gurup dinmu na dangi, wai an ga wani mutum da bakar jallabiya yana tsallake katangu a Birni cikin dare, ku rufe gida. Kafin safiya har a fada da wajen yan kabu-kabu ana ta maganar, kuma duk wanda ka tambaya sai ya ce shi ma turo masa aka yi.

Wallahi abin ya tuna min da Landan ta 1837. Can ma haka ta fara, rade-radi a unguwannin bayan gari. A watan Janairu 1838 magajin garin, Sir John Cowan, ya fito da wata wasikar koke da ba sunan marubuci a jiki, jaridu suka dauka, shikenan aka haifi Spring-heeled Jack, dodo mai farcen karfe mai aman wuta mai tsallake katanga. Daga baya masu buga kananan labaran tsoro na peni daya suka mai da shi abin neman kudi, har 1904 ana cewa an gan shi a Liverpool.

Abin da ya fi damuna, akwai yan mata da aka kai wa hari da gaske a Fabrairun 1838, daya ma a kofar gidansu wani ya zo ya ce shi dan sanda ne ta kawo masa fitila, ya yayyaga mata riga. Dan Adam ne ya yi wannan ta'asa, amma gari ya tafi neman aljani, ba wanda aka hukunta.

Mu ma ai mun san irinta. Lokacin da ake cewa gaisawa da bako na sace gaban namiji, bayin Allah nawa aka lakada wa duka a kasashen nan namu kan wannan zance?

Allah ya ce a Suratul Hujurat aya ta 6 in fasiki ya zo muku da labari ku bincika, kar ku cuci mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce ya ishi mutum karya ya rika fadin duk abin da ya ji, Muslim ne ya ruwaito. Duk abin da ya ji fa! To mu da yatsa daya muke partaje wa gurup goma.

Na kira innata da ta turo, na ce inna wa ya gan shi da idonsa? Ta yi shiru, can ta ce to bari ta goge.