An cire yana, an bar mata yashi a ido

Wata biyu ke nan da aka yi wa Inna aikin yanar ido a wani asibiti a Kano, kuma wallahi har yau raina a ɓace yake. Aikin ya yi kyau, ba zan yi butulci ba, yanzu tana karatun Alƙur'aninta da kanta. Amma ranar sallama abin da aka miƙo mana kwalba biyu ne na maganin ɗigawa, sai "ku dawo bayan sati biyu". Ko kallonmu ba a yi ba.

Ba a yi kwana goma ba ta fara cewa kamar an watsa mata yashi a ido. Raɗaɗi, ƙaiƙayi, ga hawaye na zuba. Muka koma, muka bi layi tun asuba har azahar, likita ya haska tocila ya ce ba komai, zai wuce. Ba komai? Tsohuwa ba ta barci!

Sai da wata ma'aikaciyar jinya, ƙawar Yaya, ta zo dubiya muka san bushewar ido ce. Yankan da ake yi a gaban ido yana taɓa ƙananan jijiyoyin da ke sa ido ya yi hawaye, sai ya ragu. Wanda ke zubowa kuwa tsinkakken ruwa ne, ba ya zama a ido. Sinadarin da ake sa wa magungunan ɗigawa don kada su lalace shi ma yana ƙara bushewar. Ga hunturu, ga fanka a kanta dare farai. Ta ce mu nemi ɗigon da ke maye gurbin hawaye, in za a sa fiye da sau 4 a rana a sayi marar wannan sinadari, a kuma bar minti 5 tsakanin magani da magani. Bayanin da bai ci minti goma ba fa!

Kafin nan maƙwabta sun kawo zuma, wata ta kawo kwalli. Mai kemis ya ba ƙanena ɗigon sitiroyid, wani maganin rage kumburi, wanda in aka daɗe a kansa yake iya jawo hawan jinin ido. Allah ne ya sa ban bari an ɗiga ba.

Jibi ne ranar komawarmu. Na rubuta tambayoyina a takarda, kuma ba zan tashi daga kujerar nan ba sai likita ya amsa su.