"Ina Hanya" Ce Ta Kusa Kashe Mana Wasa

Daren Asabar ɗin da ta wuce, ƙarfe tara da kwata, ina zaune a zauren gidanmu a Fadaman Mada, ni da mutum biyu da kular masa mai isar mutum shida. Taswirar da na yi kwana uku ina zanawa a bayan tsohuwar kalanda tana shimfiɗe a kan tabarma, na danne gefunanta da kofunan shayi. Mutum uku ba su zo ba. Na farko ya turo saƙo tun la'asar cewa an yi rasuwa a unguwarsu, Allah ya ji ƙan mamacin, wannan ba ni da ta cewa. Na biyu ya rubuto "ina hanya" ƙarfe takwas saura, kuma har yanzu da nake wannan rubutun bai iso ba, wataƙila ta Ningi ya zagayo. Na uku ya buɗe saƙona, alamar ta yi shuɗi, ya yi gum da bakinsa.

Muka ci masa, muka buga whot hannu biyu, kowa ya kama gabansa. Uwargida ta leƙo ta ga sauran masar, ta ce, "Malam, waɗannan baƙin naka aljanu ne?" Ban amsa ba.

Ga wanda bai san abin da muke yi ba, kada ya ɗauka caca ce, domin an sha tambayata. Babu ko sisi a tsakani. Ka ɗauke shi kamar tatsuniya wadda masu sauraro ke da baki a cikinta. Mutum ɗaya ne mai jan labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ake gani. Sauran kowa na riƙe da gwarzonsa a takarda: wannan maharbi, wancan wanzami mai magani, wancan ɓarawon da ya tuba amma hannunsa bai ji labari ba. Ka ce gwarzonka zai haura ganuwa, sai a jefa dayis, irin ɗan ludo amma mai fuska ashirin, abin da ya fito shi zai nuna ko ka haura ko ka faɗo ka karya ƙafa. Wanda ya fi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mu dokokinsa na bugu na biyar, na 2014, muke bi, amma labarin namu ne, birni mai ganuwa da ƙofofi kamar tsohon garin Bauchi, da koguna irin waɗanda ke cikin Yankari.

To, wata goma sha ɗaya ke nan muna wannan tafiya, kuma sau goma sha uku kacal muka zauna, alhali kowane mako aka yi alkawari. Gwarazanmu suna tsaye a bakin wata ƙofar ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa tun kafin damina ta ɗauke. An yi girbi, an kai amfanin gona kasuwar Muda Lawal, sanyi ya shigo, su suna nan tsaye da fitila a hannu.

Na daɗe ina cewa matsalar rashin lokaci ce. Yanzu na janye. Kowa a garin nan yana da hidima, amma wanda ya ce ba shi da awa biyu a mako, shi ne za ka tarar a gidan kallon ƙwallo tun ƙarfe uku har bayan isha'i. Ban ga laifinsa ba, ni ma ina zuwa. Abin da ke cin mu shi ne mun kasa bambance majalisa da adashe.

Majalisa, ka zo in ka ga dama, ka tashi in ka gaji. Babu wanda zai tambaye ka jiya ina ka shiga, in ma an tambaya, gaisuwa ce. Benci yana nan, mai shayi yana nan, hira ba ta jiran kowa. Ludo da dara da dirafti duk 'yan majalisa ne: wanda ke kusa shi zai zauna, wasa ya ƙare a nan take, gobe a sake sabo. Da wannan tunanin yawancinmu muka shigo wasan labari, kuma shi ba haka yake ba. Shi adashe ne. In mutum ɗaya ya ƙi zubi, ba kansa kaɗai ya cuta ba, wanda kwasa ta zo kansa shi ya shiga uku. Ranar da mai riƙe da wanzami bai zo ba, babu mai ɗaure wa sauran rauni. Ranar da wanda ya karɓi wasiƙar sarki a zaman baya bai zo ba, wasiƙar tana aljihun gwarzonsa, labari ya tsaya cak. Mai jan labari kuwa shi ne uwar adashe, shi ke bin mutane gida-gida yana roƙo, shi ke jin kunya, shi ake ganin ya cika naci.

Sannan ga kunyarmu ta Hausawa, wadda nake ƙauna a wurare da yawa amma ban da nan. Ba mu iya cewa a'a ba. Ka ce wa mutum, "Yallaɓai, za ka samu zuwa ran Asabar?" Ya san sarai ranar ɗaurin auren ɗan ƙanin babansa ne a Azare, ya san ba zai dawo ba sai dare ya raba, amma sai ya ce, "In sha Allahu." Shi a ganinsa ya girmama ka, bai watsa maka ƙasa a ido ba. Kai kuma ka tafi ka sa a jiƙa shinkafar masa. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Kahfi sun koya mana mu ce in Allah ya so a kan abin da muke da niyyar aikatawa gobe. Mu kuma mun mai da kalmar mafaka ga abin da tun farko ba mu yi niyya ba. Ba zan ja maganar zuwa hadisin alamomin munafuki ba, wasa ne ba bashi ba, kuma ni ba malami ba ne. Amma alkawari kaya ne ko da na wasa ne, domin wanda ya hau Keke Napep daga Yelwa ya biya kuɗin zuwa da komawa, kuɗin gaske ya biya.

Wallahi na fi son mutum ya ce min, "Yaya, wannan watan ba zan iya ba." Zan ji ba daɗi na minti biyar, in gyara labari, in tura gwarzonsa aike wani gari, shi ke nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ba shi da magani shi ne shiru, da "ina hanya" ta mutumin da ko wanka bai shiga ba.

Laifi tudu ne, bari in sauko daga kan nawa in dube shi.

Ni na kafa dokar cewa sai kowa ya hallara za a yi wasa. Na ɗauka adalci ne, kada wani ya rasa wani yanki na labari. Sai kwanan nan wani ɗalibin lissafi a cikinmu ya ɗauki biro ya nuna min ramin da na haƙa wa kaina. Ya ce mu ƙaddara kowannenmu mutumin kirki ne, sau ɗaya kacal cikin biyar uzuri ke hana shi zuwa. Mu shida ne. Damar a ce duk shidan sun hallara a dare ɗaya ita ce ka ninka huɗu bisa biyar sau shida, abin da ke ba da kusan 26 cikin 100. Wato ko babu mai saɓa alkawari ko ɗaya, zama ɗaya cikin huɗu ne zai yiwu. Na dubi lissafin, na dubi namu goma sha uku cikin makonni arba'in da wani abu, na ga ashe ma mun ɗan yi ƙoƙari. Sai ya sake lissafi: in aka ce da mai jan labari da kowane mutum uku cikin biyar sun isa a fara, damar ta haura zuwa kusan 75 cikin 100. Mutanen nan dai su ne, hidimominsu ba su ragu ba, doka ɗaya kawai aka sauya.

Kuma dokar tawa ta yi wata ɓarnar da lissafi bai nuna ba. Ta koya wa masu zuwa cewa zuwansu ba ya wadatarwa. Ka zo sau uku a ce an fasa, na huɗu kai ma sai ka tsaya ka ga ko wasu za su fara motsi. Kowa na jiran kowa a zauren WhatsApp, an koma zaman jiran gawon shanu. Wanda bai zo ba kuwa bai rasa komai ba, tunda ƙofar ƙarfen tana nan tana jiransa. Na hukunta mai cika alkawari, na saka wa mai saɓawa.

Laifina na biyu, buri. Na tsara labarin da zai ci shekara biyu, da sarakuna bakwai da tarihin kowannensu, ga mutanen da ɗaya ɗan bautar ƙasa ne da zai tattara ya bar jihar in shekararsa ta cika, ɗaya ma'aikacin jinya ne da ba ya sanin ranar aikinsa na dare sai an liƙa jadawali, ɗaya tela ne wanda daga tsakiyar azumi zuwa daren salla ko matarsa ba ta ganinsa. Na kalli irin su Critical Role, waɗanda suka fara nuna wasansu a intanet a 2015, mutane na zama awa uku zuwa huɗu kowane mako shekara da shekaru, na ce mu ma haka. Na manta cewa su abin ya zama sana'arsu. Mu kuwa sai an tashi daga neman na cefane.

Abin da ya ba ni mamaki, asalin wasan ma ba a gina shi a kan mutum biyar da ba sa canzawa ba. Dokokin farko na 1974 sun ce tafiya ɗaya za ta iya ɗaukar 'yan wasa daga huɗu har hamsin. Ba wai hamsin ne za su zauna a tabarma ɗaya ba, wanda ya samu zuwa shi ke shiga kogo a ranar. Daga baya, a 2007, wani mai suna Ben Robbins ya bayyana tsarin da ya kira West Marches: babu tsayayyar rana, babu tsayayyar tawaga, 'yan wasa ne da kansu za su haɗa kansu su sa rana su sanar da mai jan labari inda za su nufa, kuma gari shi ne masaukin da ake fita daga cikinsa a dawo. Rabin farko na wannan tsari ba zai yi aiki a wurinmu ba, na san mutanena, in aka bar musu sa rana sai Mahadi ya bayyana. Amma rabin na biyu na ɗauka hannu bibbiyu. Daga yanzu duk zama a cikin gari zai fara, a cikin gari zai ƙare. Wanda bai zo ba, gwarzonsa yana gida yana jinyar zazzaɓi ko ya tafi gaida surukai. Ba za a ƙara barin kowa a bakin ƙofa wata huɗu ba.

Wani zai ce mu koma intanet mana, ga Roll20, shafin da ake buga irin wannan wasa, ga Discord, manhajar hira da murya. Mun gwada sau biyu. An ɗauke wuta a unguwar wannan, data ta ƙare wa wancan, muryar na uku tana zuwa guntu-guntu kamar ana yanka ta da almakashi. Kuma ɓacewa a waya ta fi sauƙi, ba sai ka haɗa ido da kowa ba. Mun bar shi.

Asabar ma na sake ta, tun farko wauta ce. Ranar ɗaurin aure ce, ranar kai amarya, ranar Firimiya. Juma'a ba ta fi ta ba. Talata da Laraba na gasar zakarun Turai ne, Alhamis kuwa wanda ƙungiyarsa ta faɗa Yuropa shi ya san abin da yake ciki, ba zan kama suna ba. Saura Litinin. Ban cika ganin an ɗaura aure ran Litinin ba. Saboda haka Litinin bayan isha'i, mako ɗaya a yi, mako ɗaya a huta, a tashi goma da rabi tun ana samun abin hawa. Ba za a ƙara jefa tambayar "yaushe kowa ke da sarari?" a zaure ba, wannan tambayar ta ci mana makonni fiye da zazzaɓi da biki a haɗe. Ranar tana nan kamar ranar kasuwa, mai zuwa ya zo.

Kuma ba zan ƙara neman alkawarin shekara biyu a wurin kowa ba. Zama shida nake nema, wata uku ke nan, labari ya kai ƙurunƙus. Bayan nan wanda ya ga zai iya wani shidan ya ce, wanda ba zai iya ba ya sauka da mutuncinsa, kujerarsa a majalisa tana nan, za mu ci gaba da gaisawa da zuwa sunan 'ya'yan juna. Azumi gaba ɗayansa hutu ne, tsakanin tafsiri da tarawihi da tahajjud babu inda za a cusa dodo. Rasuwa, rashin lafiya, aikin dare, hidimar iyaye, waɗannan ba a ma tambaya. Abu ɗaya nake roƙo, saƙo kafin azahar ɗin ranar, kalma uku: ba zan zo ba. To, huɗu ne, na ƙirga. Wanda ya yi shiru sau biyu a jere, zan kira shi ni da shi, ba a cikin zaure ba, in tambaye shi ko yana so a ajiye masa gwarzon nasa sai wani zangon. Na san ranar da zan yi wannan kiran bakina zai yi nauyi, domin wanda na fi zargin zai fara faɗawa ciki ya girme ni da shekara shida, kuma shi ya koya min wasan.

Ɗan'uwana mai "ina hanya", na san kana karanta wannan, domin kai ne farkon mai danna alamar dariya a duk abin da na rubuta. Litinin mai zuwa, mutum uku sun riga sun ce za su zo, tela da ɗalibin lissafi da ɗan bautar ƙasa. Za mu buɗe ƙofar ƙarfen nan. Mabuɗin yana wuyan maharbinka, na sani, amma na riga na rubuta cewa ɓarawon da ya tuba ya zare shi tun kuna barci. Masa kuma ta mutum huɗu uwargida ta ce za ta soya, in ka iso sai dai ka sha romo.