Ƴan matan lise, ku ma ku zauna gaban kwamfutar nan

Ƙannenmu na lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, hutun damina wata uku ne cur, daga Yuli har komawa aji a Oktoba. A Amurka, a 2014 aka fara tara ɗalibai a sansanin hutu na GenCyber ana koya musu tsaron kwamfuta kyauta. Ku a nan, mutum biyar da kwamfuta ɗaya, ko ta aro ce, da zauren da babba ke sa ido, sun isa a fara koyon wannan tsaron a cikin hutun.

Ku soma da wayar hannunku. Ku shiga saitin WhatsApp ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ku sa lamba 6 da ba ranar haihuwarku ba. Yawancin satar asusu ba wata gwaninta ba ce: a kira ki a ce an turo lamba wayarki bisa kuskure, ki karanto ta, shi ke nan an kwashe asusun, a shiga roƙon danginki kuɗi da sunanki. Lambar da ta zo ta SMS ba a ba kowa, ko da muryar yayanki ce.

Daga nan sai Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Windows. Akwai wasan koyonsa mai suna Bandit na shafin OverTheWire, kyauta ne, rubutu zalla, ba ya cin data sosai. Ana shiga ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, da sunan bandit0, kalmar sirri ita ma bandit0, ta ƙofa mai lamba 2220. Masu farawa sukan manta 2220 ɗin, kwamfuta ta nufi ƙofa ta 22, su zaci intanet ce ta lalace. Kowane mataki yana ɓoye kalmar sirrin na gaba, ku riƙa rubuta su a littafi, domin wasan ba ya ajiye muku inda kuka tsaya, ga wuta tana ɗaukewa. Mara kwamfuta ta sa Termux, manhajar da ke ba da damar rubuta umarnin Linux, a wayar Android.

Abin da ke ci mana rai shi ne a ga samari sun mamaye allon rubutun kwamfuta, yarinya tana gefe riƙe da biro. Wallahi kallo ba ya koyar da wannan aiki, sai yatsa ya yi kuskure ya gyara. Ku yi karɓa-karɓa, minti 20 kowa, a sa agogo. Ƙanwata, kada ki ce ke ba ƴar ajin kimiyya ba ce. Haƙurin karanta saƙon kuskure har ƙarshe ake nema. Iyaye, ku je ku ga wurin da idonku, a tsai da lokaci daga hantsi zuwa azahar, sannan ku bar su su je.

Gargaɗi gare ku duka: kada ku gwada abin da kuka koya a kan wayar maƙwabci ko Wi-Fi ɗin makaranta. Dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta hukunta kutse ba izini, kuma "gwaji nake yi" ba hujja ba ce gaban alƙali.