Kafin a ba ka kujera, ka san abin da zai tashe ka daga kanta

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuka sha rana a yawon kamfe, yanzu kuna zaune kusa da waya kuna jiran a kira sunanku.

Ina da wani aboki da muka taso unguwa ɗaya. A da babu wanda ya kai shi zafi a kan albashin malaman firamare da ake riƙewa. In ya fara magana a teburin mai shayi har rediyo ake ragewa. Allah Ya ba ubangidansa nasara, aka naɗa shi mataimaki na musamman, ga ofis ga mota. Ba a yi shekara ba aka sake riƙe wa malamai albashin wata uku. Na same shi da daddare, muka zauna a cikin motar a ƙofar gidansa, na tambaye shi ina maganar da muka sha yi. Ya daɗe yana juya makulli a hannu, sannan ya ce, "Malam, ba za ka gane ba sai kana ciki." Washegari na ji muryarsa a rediyo yana cewa ai tantancewa ake yi. Har yau ban ɗauke shi mugu ba. Ya shiga ne bai taɓa zama ya tambayi kansa abin da zai sa ya fito ba, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shi ya sa nake so in ba ku labarin wani Bature ɗan Ingila mai suna John Bright, ɗan jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi, wanda ya riƙe minista har sau uku a ƙarƙashin Firaminista William Gladstone. Addininmu da nasa ba ɗaya ba ne, ƙasarsa kuma ita ce ta zo daga baya ta ci tamu da yaƙi. Duk da haka hikima kayan mumini ce da ya ɓace masa, inda duk ya tsince ta sai ya ɗauka.

An haife shi a 1811 a garin Rochdale da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa na da masaƙar auduga, kuma 'yan wata ɗarikar Kiristoci ne da ake kira Kweka, masu ƙyamar yaƙi da rantsuwa da ado. Bai je jami'a ba. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta ya shiga masaƙar, ya koyi magana a gaban jama'a a ƙananan tarurrukan yaƙi da shan giya. A 1841 matarsa ta rasu da tarin fuka, shekara biyu kacal da aurensu, ta bar masa jaririya. Yana cikin zaman makoki abokinsa Richard Cobden ya zo ta'aziyya, ya ce masa akwai dubban gidaje a Ingila da mata da yara ke mutuwa da yunwa, in zafin rashin ya lafa ya zo su haɗa hannu, ba za su huta ba sai an soke dokar hatsi.

Wannan doka ta 1815 ta toshe shigo da alkama daga waje har sai farashin ta gida ya yi tsada sosai. Masu manyan gonaki, waɗanda su ne suka cika majalisa, suna cin riba, lebura kuwa burodi na neman gagarar sa. Bright da Cobden suka bi ƙasar gari-gari suna taro, Bright ya shiga majalisa a 1843 daga mazaɓar Durham, aka soke dokar a 1846 lokacin da yunwa ta afka wa Ayalan. A 1847 birnin Manchesta ya zaɓe shi. A lokacin duk inda ya tsaya tafi ake yi.

Tsayawa a kan gaskiya ranar da jama'a ke bayanka ba wani abin a zo a gani ba ne, kowa ma zai iya. A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna mara wa daular Turkawa baya a kan Rasha. Ƙasar ta ɗauki zafi, jaridu na zuga, mutane na rakiyar sojoji da kiɗa. Bright ya miƙe ya ce wannan yaƙi bai zama dole ba, jinin talakawa za a zubar a banza. Mutanen Manchesta da suka ɗauke shi a kafaɗa jiya, su ne suka haɗa mutum-mutuminsa suka cinna masa wuta a kan titi. Aka kira shi ɗan koren Rasha. Ranar 23 ga Fabrairu 1855 ya tsaya a majalisa ya ce mala'ikan mutuwa yana shawagi a faɗin ƙasar, har kusan ka ji motsin fukafukansa. Majalisa ta yi tsit, amma yaƙi bai tsaya ba. Sojojin Ingila fiye da 20,000 suka mutu, mafi yawansu cuta ce ta kashe su a sansani da asibiti. Shi kansa damuwa ta kwantar da shi a 1856, kuma a zaɓen 1857, yana ƙasar waje yana jinya, Manchesta ta kayar da shi, ya zo na ƙarshe.

Ku tsaya a nan ku auna. Mutum ne mai shekara 45, ba lafiya, ba kujera, garin da ya yi wa bauta ya juya masa baya. Da ya sassauta harshe tun farko, ya ce ai maslaha ce, da yana nan daram. Yawancinmu ba kuɗi ne ke fara saye mu ba, tsoron a daina yi mana tafi ne. Na ga samari masu kaifin hankali da suka goge abin da suka rubuta a Facebook don kawai mutum hamsin sun zage su a ƙasa, alhali sun san gaskiya suka faɗa. Wanda zagin 'yan awoyi ya sa ya lashe amansa, ina zai iya da kiran waya daga gidan gwamnati? Bayan 'yan watanni birnin Birmingham ya aiko ya ɗauki Bright ba hamayya, ya wakilce su har ƙarshen rayuwarsa, amma ranar da yake jawabin nan bai san haka za ta faru ba.

An sake gwada shi a aljihu. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, audugar da masaƙun yankinsu suka dogara da ita, wadda bayi ke nomawa a kudancin Amurka, ta yanke. Masaƙu suka tsaya, har da ta gidansu. Manya da yawa a Ingila suka karkata ga 'yan kudu. Shi ya tsaya da Shugaba Lincoln da 'yanta bayi, yana ji a jikinsa.

Sai babbar jarrabawa, wadda saboda ita na ɗauko wannan labari. Ya fara zama ministan ciniki a 1868, rashin lafiya ta sa ya ajiye a 1870, ya dawo a 1873, ya sake dawowa a 1880 bayan Gladstone ya ci zaɓe da sukar yaƙe-yaƙen da gwamnatin Disraeli, firaministan da ya gada, ta jefa ƙasar. Wato gwamnatinsu ce, ta abokinsa kuma jagoransa. A lokacin bashin Turawa ya yi wa Masar katutu, Ingila da Faransa ke juya baitulmalinta, ga kuma mashigin Suwez da Ingila ta sayi hannun jarinsa a 1875. Wani hafsan soja, Ahmad Urabi, ya tashi da kiran Masar ta Misirawa ce. Ranar 11 ga Yuli 1882, da sassafe, jiragen ruwan yaƙin Ingila suka buɗe wa ganuwar Iskandariya wuta, suka wuni suna luguden bama-bamai, daga baya gobara ta cinye wani babban sashe na birnin. Jiragen Faransa ma janyewa suka yi ba su shiga ba.

Cikin 'yan kwanaki Bright ya miƙa takardar murabus. Yana da shekara 70, ya san da wuya ya sake shiga majalisar ministoci, kuma bai sake shiga ba. Da ya tashi yin bayani a majalisa bai tsawaita ba. Ya ce shekara arba'in yana koya wa 'yan ƙasarsa cewa dokar ɗa'a da ta hau kan mutum ɗaya ta hau kan ƙasashe a mu'amalarsu da juna, kuma a ganinsa an keta ta, an keta dokar ƙasa da ƙasa, don haka ba zai iya zama a ciki ba. Bai zagi Gladstone ba, bai tona asirin abin da aka tattauna a ɗaki ba, bai kuma tsallaka ya shiga jam'iyyar adawa ba. Ya koma kujerarsa ta ɗan majalisa.

Wannan salon fitar ma abin koyo ne, don mu a nan mun saba da iri biyu. Akwai wanda zai manne wa kujera ko da an ce ya yanka uwarsa, akwai kuma wanda sai an hana shi kwangila ko takara sannan zai kira 'yan jarida ya tuna cewa oga azzalumi ne. Na biyun nan bai fi na farko ba, cinikin ne kawai bai faɗa ba. In za ka fita, ka fita a kan abin da kowa ya san kana faɗa tun kafin a ba ka, ka faɗi dalilinka a taƙaice, ka riƙe amanar da aka ba ka a ɓoye, ka bar mutuncin wanda kuka ci abinci tare.

Murabus ɗinsa bai ceci Masar ba. A watan Satumba Janar Wolseley na Ingila ya murƙushe rundunar Urabi a Tel el-Kabir, aka kai Urabi gudun hijira tsibirin Silon (Sri Lanka ta yanzu), sojojin Ingila kuma ba su gama barin ƙasar ba sai 1956. Na san wani zai ce to me aka yi ke nan, ai gara ya zauna ya gyara daga ciki. Wannan ita ce maganar da abokina ya faɗa mini a mota, kuma ita kowa ke faɗa. Wani lokacin gaskiya ce. Amma Bright ya zauna a ciki, ya yi ta jan hankalinsu, sai da aka harba igwa da sunan gwamnatin da yake minista a cikinta sannan ya tashi. Daga wannan ranar zamansa ba gyara zai zama ba, sa hannu ne. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: tun da ka shiga, me ka hana? In amsar ita ce babu, kai ake gyarawa.

Abu biyu suka sauƙaƙa masa. Na farko, ya san iyakarsa tun kafin ya zauna, kowa ma ya sani. Tun ran gini ran zane. Na biyu, yana da abin yi. A zamaninsa ba a biyan 'yan majalisar Ingila albashi, sai a 1911 aka fara, kuma masaƙar gidansu ce ke riƙe da shi. Ƙanena, in kuɗin makarantar 'ya'yanka da hayar gidanka da maganin mahaifiyarka duk suna rataye a alawus ɗin oga, ba ka da bakin cewa a'a, ko da zuciyarka na so. Kar ka rufe shagonka don an ba ka muƙami. Kar ka sayar da gonar. Ka sa ƙaninka a kai, ka riƙa leƙawa.

Ba waliyyi nake nuna muku ba, kuma wannan sashen ya fi damuna. Mutumin da ya yi kuka saboda burodin lebura, shi ne ya yaƙi dokar 1847 da ta taƙaita aikin mata da matasa a masaƙu zuwa awa goma a rana. Dokar hatsi aljihun masu gonaki ta taɓa, wannan kuwa aljihun masu masaƙa irinsa, sai ga hujjoji sun zo masa a kan 'yancin ciniki. Sannan lokacin da Wolseley ɗin nan ya ƙone Kumasi a watan Fabrairu 1874, Bright yana cikin majalisar ministoci, bai ajiye ba. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi sun san wannan tarihin. A 1886 kuma ya rabu da Gladstone, ya ƙi goyon bayan ba Ayalan ikon mulkin kanta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In mutum mai wannan ƙarfin hali ya makance a inda abincinsa yake, ni da kai sai mu fi tsananta wa kanmu bincike a daidai wurin da muke ci.

Ya rasu ranar 27 ga Maris 1889, aka binne shi a maƙabartar 'yan ɗarikarsu a Rochdale, da ɗan dutse irin na kowa. Gladstone, wanda Bright ya bar wa gwamnati a 1882 ya kuma ƙi bi a 1886, ya miƙe a majalisa ya yi masa kyakkyawar shaida.

Abokina kuwa, ubangidansa ya sha kaye a zaɓen da ya biyo baya, aka karɓe motar. Ya dawo teburin mai shayi, muka matsa masa wuri a benci kamar da. Kwanakin baya wani malamin firamare ya zo yana ƙorafin an sake riƙe musu albashi, kowa ya sa baki. Shi yana riƙe da kofinsa da hannu biyu, yana kallon ƙasa, har malamin ya gama ya tafi.