A bar wa yammacin Milos hanyarsa ta burji

Tun da na dawo daga tsibirin Milos na ƙasar Girka, tambayar da aka fi yi mini ita ce abin da ya sa na sha wahalar zuwa gaɓar tekun da babu otal, babu shago, babu ko rumfar sayar da ruwan sha, alhali ga wuraren da aka gyara musamman domin baƙi. Gaskiyar magana, rashin waɗannan abubuwa shi ne ya kai ni can, kuma ina da yaƙinin cewa ranar da aka shimfiɗa kwalta zuwa wurin, ranar aka rasa shi.

Milos na cikin tekun Ejiyan, aman wuta ne ya samar da shi, shi ya sa duwatsunsa suke da launi iri-iri, fari da ja da ruwan ɗorawa. A nan ne wani manomi ya tono mutum-mutumin Venus de Milo a 1820, wanda yanzu yake gidan tarihi na Louvre a Faris. Garuruwan tsibirin, wato Adamas mai tashar jiragen ruwa da Plaka da Pollonia, duk suna gabashi. Yammacinsa kuwa kusan babu mazauna, yana cikin yankunan da Tarayyar Turai ta keɓe a shirin Natura 2000 domin kare halittu, kuma hanyoyinsa na ƙasa ne da tsakuwa.

Na kama hanyar yammacin tsibirin da sassafe, ɗauke da gorunan ruwa uku da burodi da zaitun. Inda hanyar ta gagari mota na ajiye ta, na gangara da ƙafa cikin ƙayoyi, awaki na tsaye a kan duwatsu suna kallona. Da na isa, mutum biyu kawai na tarar, su ma can nesa. Ruwan ya yi garau har ina iya ƙirga tsakuwar da ke ƙarƙashinsa, kuma ban da igiyar ruwa da iskar arewa da Girkawa ke kira meltemi, babu motsin komai. A kan rairayin na yi sallar Azahar, na jingina da dutse a ƴar inuwar da na samu har rana ta yi sanyi. Ni da na tashi nesa da teku, ban taɓa sanin yana da irin wannan natsuwa ba, domin duk inda na gan shi a baya, da kiɗa da hayaniya na gan shi. Ba zan faɗi sunan gaɓar ba, kuma da gangan ne.

Kashegari na je gaɓar Sarakiniko, inda fararen duwatsu suka yi suna a intanet. Kyawun wurin ba ya misaltuwa, amma mutane sun yi layi a kan dutse guda, kowa na jiran a ɗauke shi hoto ya wuce. Ban ga laifin kowa ba, sai dai na ga yadda hanya mai kyau da hoto mai yawo suke mayar da wuri kasuwa.

Su kansu Girkawa sun fara kokawa. A bazarar 2023 mazauna tsibirin Paros suka fito zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da gangamin tawul, saboda masu kasuwanci sun cika gaɓar da laima da gadajen haya, ɗan gari ya rasa inda zai shimfiɗa tawul ɗinsa kyauta, bayan kuwa doka ta ce gaɓar teku ta jama'a ce. A 2024 gwamnati ta yi dokar da ta wajabta barin kashi 70 cikin ɗari na gaɓar da aka bayar haya babu gadaje, ta kuma ware gaɓa 198 da aka hana kafa laima ko gadon haya a cikinsu. Matakin ya yi daidai, illa dai doka ba ta tsare kanta, sai an sa ido.

Na san za a ce mutanen tsibiri da baƙi suke ci, kuma tsoho ko mai lalurar ƙafa ba zai iya gangaren da na yi ba. Wannan magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma gabashin Milos cike yake da gaɓar da mota ke kaiwa har bakin ruwa, ga gidajen abinci, ga masauki, sannan tsibirin na da ma'adinai da ake haƙa tun da daɗewa, ba yawon buɗe ido kaɗai ya riƙe shi ba. Girka, ƙasar da ke karɓar baƙi sama da miliyan 30 a shekara, kusan ninki uku na jama'arta, tana da ikon barin wasu lunguna ga awaki da tsuntsaye da mai son tafiyar ƙafa.

Abin da ya fi damuna shi ne halinmu mu masu zuwa. Ko a wannan gaɓar da ba kowa, sai da na tsinci robobin ruwa huɗu da guntayen taba a gindin dutsen da na jingina. Babu mai shara a can, babu kwandon zuba ta. Na tattara su a ledar burodina, na hau gangaren da su zuwa inda na bar mota.